Motar Tela a Tudun Gamu

Gure, watan Zulƙida, 1938

Zuwa ga Malam Abarshi, mai filin shawara a jarida.

Bayan gaisuwa mai yawa, Malam ka taimake ni don Allah, kafin baƙin ciki ya sa in yi abin da za a kai ni gaban kumandan, Baturen mulkinmu. Ni ban yi boko ba, wani malamin makarantar lakwal ne yake rubuta mini, na kuwa gargaɗe shi kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Ni shofer ne. Shekara tara ke nan ina jan kamiyo, wato babbar motar kayan Alhasan, babban ɗan kasuwar garinmu, in kai kanwa da dabino Damagaram, in dawo da yadi da sukari. Wanda bai san hanyarmu ba sai ya ɗauka tuƙi riƙon bolan ne kawai, wato sitiyari. Hanyarmu rairayi ce, tudu bayan tudu, mu kuma da kunne muke tuƙi. Tun kana gindin tudu za ka saurari kukan inji, ka mayar da bitas, wato abin da mutanenku ke kira giya, zuwa ta biyu, ka hau ba tare da ka ƙara taɓa ta ba. Wanda ya canja a tsakiyar tudu sai ya sauko ya nemi felu, wato shebur, ya hau tono. A shekara taran nan sau biyu kaɗai na kafe, kuma ɗayan ma da zazzaɓi nake.

Bara da kaka maigida ya sayi wata ƙaramar mota a hannun wani Bature matafiyi da hamada ta gundura. Wai mai canja bitas da kanta ce. Kai dai ka ba ta wuta, in ta ji gudu ya ƙaru sai ta wuce ta gaba ba tare da shawartar kowa ba. Ni aka aika Damagaram na karɓo ta, ni na kawo ta har ƙofar gida ko ƙwarzane babu. Washegari sai aka miƙa wa Lawali. Lawalin nan tela ne, mijin ƙanwar maigida, mutum da furfurarsa, wanda a duniya babu abin da ƙafarsa ta taɓa takawa sai keken ɗinki. Kwana huɗu ya yi yana kewaya filin idi, shi ke nan ya zama shofer. Ya koma zama bakin kasuwa yana cewa zamanin masu kunne ya wuce, yanzu ƙarfe ya yi hankali. A gabana yake faɗa, Malam, har yana dafa kafaɗata yana ce mini abokin aiki. Na tsani mutumin nan, ba zan yi maka ƙarya ba.

Watan jiya maigida ya ce a kai kaya Gamu a ƙaramar motar, in raka Lawali tunda bai san hanya ba, amma shi zai tuƙa. Aka ajiye ni a gefe kamar buhun gero. Kowa ya san da sanyin safiya ake cin tudu, lokacin da rairayi yake da ƙarfi, amma gogan naka sai da ya sha kununsa ya naɗa rawani ya yi sallama da rabin gari. Rana tsaka muka isa babban tudun da ke kafin Gamu. Ya ba ta wuta, ta ɗauki gudu, tana kai rabin tudu sai ta ga dama ta wuce bitas ta gaba. Ƙarfinta ya mutu nan take, ƙafafun baya suka nutse.

A wajenmu in mota ta kafe, mai gari ne yake taso mutane daga lambunan kwari, so ko ƙi, wasu su tura, wasu su shimfiɗa kaba a ƙarƙashin ƙafafu don su sami abin kamawa. Mutum kusan ashirin aka kawo. A cikinsu akwai wani dattijo, Abatcha, mai lambun rogo da albasa. Yana durƙushe a baya yana cusa kaba, motar ta zame ta bi ta kan ƙafarsa, ƙwaurinsa ya karye. Mai ɗori ya ɗora, amma an ce bana ba zai iya jan ruwan rijiya ya shayar da lambunsa ba, ga rani ya shigo, kuma ba shi da ɗa namiji a gida.

Akwai abu guda, zan faɗa maka tunda ba ka san fuskata ba. Ranar da na karɓo motar, Baturen ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin bolan. In ka jawo shi, motar takan tsaya a ƙaramar bitas ta daina canjawa, don irin wannan wuri aka yi shi. Ban faɗa wa Lawali ba. To, ya tambaye ni ne? Ba shi ya ce ƙarfe ya yi hankali ba? A gindin tudun na dubi ɗan ƙarfen, na dubi rawaninsa, na ce a raina bari mu ga hankalin. Ni so na yi ta kafe a yi masa dariya, ban tura kowa ƙarƙashin mota ba.

Yanzu Alhasan ya ce ba zai riƙe mota biyu ba. Bayan Sallar Layya zai sayar da ɗaya ya sallami shofer ɗaya. Mutanen Gamu suna tsine wa Lawali, amma matarsa kullum tana gidan yayanta tana kuka, don haka ban san inda hukunci zai faɗi ba. Ina da mata da ƴaƴa biyar, ban iya noma ba, ban iya ciniki ba. Maigida yana girmama abin da aka buga a takarda. Ina roƙonka ka rubuta ƙarara cewa motar hannu ce motar rairayi, wannan kuwa tarkon karya mutane ce, in kai a karanta masa, a mayar da tela kan kekensa.

Ni ne, Mai Tuƙi da Kunne.

Amsar Malam Abarshi

Mai Tuƙi da Kunne, na ji kukanka, kuma zan fara da inda kake da gaskiya. Na nuna wasiƙarka ga wani tsohon makanike da ya san hanyoyin gabas. Ya ce a rairayi mai zurfi giyar hannu a hannun gwani ba ta da na biyu, domin direba yana ganin tudu tun kafin ya iso, inji kuwa ba ya gani. Amma ya ƙara da cewa mai canjawa da kanta ba abin banza ba ce. Ba ta mutuwa a hannun sabon shiga, tana kuma hutar da direba a doguwar tafiya. Waɗanda suka ƙera ta sun san raunin da take da shi a tudu, shi ya sa suka sa mata ɗan ƙarfen nan. Lawali ya yi wauta da ya ɗauki kwana huɗu a matsayin ilimi, ya yi rashin ladabi da ya raina wanda ya riga shi, Alhasan kuma ya yi ganganci da ya ba shi hanya.

To amma laifi tudu ne, ka taka naka kana hango na wani. A motar nan ranar nan mutum ɗaya ne ya san abin da za a ja, hannunsa kuma bai fi taƙi ɗaya daga wurin ba. Ka ce bai tambaye ka ba. Ta yaya mutum zai tambayi abin da bai san da shi ba? An tura ka rakiya ne don ka zama idonsa. Ka kuma fi kowa sanin cewa in mota ta kafe a ƙasarku ba direba ne yake shiga ƙarƙashinta ba, talakan da aka taso daga lambunsa ne. Na yarda ba ka nufi Abatcha da sharri ba, amma ramin da ka haƙa wa tela shi ya faɗa ciki.

Takardar da kake so ba zan rubuta ba, domin so kake in taya ka ɗora wa ƙarfe abin da kai ka aikata. In ka ga dama ka kai wa Alhasan wannan shafi, sai dai a karanta masa tun daga sama. Ya fi maka mutunci ka je ka faɗa masa da bakinka kafin Sallah. Yana iya sallamarka, ba zan ruɗe ka ba. Yana kuma iya ganin cewa direban da ya faɗi gaskiya a kan kansa ya fi wuyar samu da kowace mota. In ma ya sallame ka, mai shekara tara a rairayin Gure ba zai rasa wanda zai ba shi kamiyo a Damagaram ba. Lawali kuwa ka nuna masa ɗan ƙarfen, ko ba kwa magana, domin gobe ma zai hau tudu, gobe ma za a taso mutane.

Amma kafin Alhasan, kafin Lawali, ka tafi Gamu. A duk doguwar wasiƙarka ka lissafa ƴaƴanka, ba ka faɗa mini ko ka je duba dattijon nan ko sau ɗaya ba. Ka same shi inda yake kwance, ka zauna ƙasa, ka gaya masa abin da ka gaya mini, ka nemi gafararsa. Ko ya yafe ko bai yafe ba, ka tambayi inda gugansa yake, ka ja masa ruwa har ya taka ƙafarsa.

Allah Ya ba Abatcha lafiya, Ya sanyaya zuciyarka, Ya ba ka ƙarfin buɗe baki a wannan karon.