Ƙafar Tsohon Tela

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Inna? Ki tabbata tana shan maganinta, kin san halinta.

Kin ce in bar aikin jinya in dawo mu riƙe shagonki, tunda kullum cikin ƙorafi nake. To, ki ɗan dakata mini. Akwai wani tsohon tela a gado na shida, ciwon suga ya ci masa ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Likita ya ce in gyambon bai yi kyau ba nan da mako biyu, sai yankewa. Shi kuwa bawan Allah ba ya bari a wanke. Da ya hango tiren magani sai faɗa da zagi. Abokan aikina duk sun sallama shi, har sun sa masa suna Barkono.

Ranar da ya zage ni, wallahi raina ya ɓaci, har na kai bakin ƙofa. Sai na tsaya zuciyata ta sauka, na waiwaya. 'Ya'yansa mata uku na tsaye a kansa, shi kuma ya cije leɓe, idanunsa jawur. Ashe laifinmu ne! Ƙarfe huɗu muke wankin ciwo, daidai lokacin da ake buɗe wa masu dubiya ƙofa. Mutumin da ya raine su shi kaɗai, ina zai yarda ya yi kuka a gabansu? Gara ya yi zagi.

Na roƙi shugabarmu a mayar da nasa ƙarfe bakwai na safe. Ta ce in dai ni zan riƙa yi, bismillah. Ƙafar nan ba za a yanke ta ba, in sha Allahu.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki da kowa da kowa. Ki yafe mini shirun wata biyu.

Kullum da safe nakan ja labule, in kunna famfo ya yi ta zuba don kada a ji muryarsa, in duƙufa kan ciwon ba tare da na kalli fuskarsa ba. Yakan yi kukansa son ransa, in na gama ya share ido ya soki ɗinkin rigata, wai wanda ya yi ta ko tsumma bai iya ba. Har ranar hutuna sai da na riƙa zuwa, don na san ba zai yarda da wani hannun ba. Likita ya duba ya fasa yankan, aka sallame shi.

Jiya babbar 'yarsa ta kawo mini farar rigar aiki sabuwa fil, cif-cif da ni, alhali bai taɓa gwada ni ba. Ta ce ya ce a gaya mini da ƙafar dama ya taka keken.

Yaya, ki nemi wata ta riƙe miki shago. Ni dai ina da rigar da zan sa gobe.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta