Amalanken da Aka Shafa wa Fenti

Daga Azarori,
Zuwa ga Yayana Alƙasim, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka, ya kuma sauƙaƙe maka ciwon gwiwar nan da ke tashi in ruwa ya sauka. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, kunne ne ya yi nauyi, amma in aka ambaci goro tana ji sarai. 'Yata Balki ta yaye ɗanta, rijiyar garka ba ta ƙafe ba bana, albasa kuma ta yi kyau, sai godiya. Na ƙi kiran ka a waya ne don na san halina, murya za ta tashi in faɗi abin da ba shi maiduwa.

Yaya, maganar ɗanka Manzo ce. Ka san mangazarsa, ɗakin ajiyar albasar nan da ke bakin hanyar Madawa, inda matan garinmu ke zuwa tsinta da ɗurin buhu. Tun da ya buɗe ta ni ke kwasar su a amalanken jakina da safe, in maido su da marece. Ban taɓa ce masa ya ba ni ko na dusa ba, don yaron da ka bar mini yana rarrafe, ya girma a ɗakin matata Dije, ba zan buɗe baki in yi ciniki da shi ba. Bara sai ya zo har gida ya durƙusa, ya ce wata ƙungiya ta shigo da tsari: duk mai sana'ar da ma'aikatansa ke zuwa aiki ba da ƙona esansi, wato man fetur, ba, ko a keke, ko a amalanke, ko a hawa ɗaya tare, za a ba shi tallafi, a kuma ɗauke masa wani abu na haraji. Ya ce abin da nake yi shekara da shekaru shi ne daidai abin da suke nema, in ƙaro jaki in faɗaɗa amalanke, idan tallafin ya fito aikin nawa ne har ƙarfina ya ƙare.

Dije ta ce in sa a yi maganar gaban liman. Na yi mata faɗa, na ce uba ba ya kafa wa ɗansa shaida. Na sayar da bijimin da nake kiwo, na sayo jaki na biyu a kasuwar Buza, na kai amalanke wurin maƙeri aka ƙara masa faɗi da benci da rumfar tabarma. Cin rani ma na fasa zuwa.

Ana gobe baƙin ƙungiyar za su zo dubawa, Manzo ya aiko aka shafa wa amalankena koren fenti, aka rubuta sunan mangazarsa a jiki. Har daɗi na ji, na ce da kaina yaronmu ya zama mutum. Da suka iso da motarsu daga Tawa, na jawo jakuna da mata cike a baya, ana ta ɗaukar hoto. Wata a cikin baƙin, Bahausa ce kamarmu, ta tambayi Manzo amalanken na wane ne, tsohon nan kuma wane ne. Ina tsaye, igiya na hannuna, ya ce amalanken mangaza ne, shi ya saya don tausayin ma'aikata, ni kuma leburansa ne mai kora jaki. Yaya, leburansa. Matan da ke baya duk suka sunkuyar da kai. Da na so, kalma ɗaya ta isa ta rushe masa komai, amma na haɗiye, don ban iya kunyata jininka gaban baƙi ba.

Na ce wa zuciyata wataƙila dabarar masu takarda ce, zai zo ya ba ni haƙuri. Bai zo ba. Tallafin ya fito, sai ga babur mai ƙafa uku, irin mai batir da ake cajawa da hasken rana, ya danƙa wa Kabiru ƙanen matarsa. Ta bakin wata mai tsintar albasa na ji cewa ba a buƙatata kuma, wai jaki na ɓata lokaci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yanzu matan ma ana cire musu na hawa daga ladarsu, abin da ban taɓa yi musu ba. Jakuna biyu suna tsaye suna cin karan da ba ni da shi, amalanke kuma yana jingine a bayan rumbu, na kasa kankare sunan, na kasa kallonsa.

Ba bijimin ke ci mini rai ba, Allah na maida dabba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne bakin da na koya wa Fatiha shi ya kira ni haka. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa ban kai ƙara wurin mai gari ba, ba kuma zan kai ba. Kada ka kira shi ka zage shi, kada kuma ka aiko mini da komai.

Ga abin da ya sa na rubuto. Matarsa Raihana ta sauka lafiya, namiji, kuma ya aiko da goro wai in zo in tsaya a matsayinka ranar suna, kamar yadda na tsaya ranar ɗaurin aurensa. Na karɓi goron na ba Inna. Zan je in yi wa jaririn addu'a, don shi bai yi mini komai ba. Amma tabarmar uba ba zan zauna kanta ba. Ka zaɓi wanda zai wakilce ka, ka sanar da liman kafin ranar.

Inna tana sa maka albarka. Dije da Balki da Karima suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Abdulaziz da duk 'yan garinmu da ke tare da kai. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Mahaman Ango