Kusurwar Iri da ke Bayan Rumfa

Da sunan Allah nake farawa, gare shi kuma zan koma. Ni ce mahaifiyarku, hankalina yana jikina, ban ruɗe ba. Ƙafafu ne suka ƙi, sai numfashi da yake zuwa yadda ya ga dama. Auta ce ke riƙe da alƙalami, don hannuna ko cokali ya daina riƙewa. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana don ta yi wa yayyenta daɗi.

Ku uku zan bari: Babba, Direba, sai Auta. Gida da gona da shanu, ku kira masu ilimin gado su raba yadda Allah ya tsara, ba ni da ta cewa. Abin da zai biyo baya roƙo ne, kuma na san ba ni da ƙarfin tilasta wa kowa.

Na ɗaya, ciyawar tef. Ranar da babanku ya shigo da irinta cikin kwalbar magani, dariya na yi masa har da riƙe ciki. Na tambaye shi ko wannan ƙurar ce za ta ciyar da shanu, don ƙwayarta ba ta kai ta riɗi ba. Ya binne ta kamar masara, ba abin da ya fito, ya yi ta kewaya gona yana wa ƙasa faɗa. Da ɗan abin da ya rage muka koya: a mirgina ganga mai nauyi a danne ƙasa har dunduniya ta daina nutsewa, a gauraya irin da yashi, a watsa a sama, kada a rufe. Tun daga nan ba mu ƙara sayar da saniya saboda yunwa ba. Da nonon shanun nan aka yi muku komai.

Irin nan ba a samunsa a kasuwanninmu. Shi ya sa kowace shekara muke barin kusurwar da ke bayan rumfar ciyawa, ba a yanka ta sai ta fitar da kai ta nuna, mu sussuke, mu adana. Bana kun sani, shukar fari ta ƙone, muka juye duk irin da ya rage muka sake shukawa. Ba mu da ko tsinke a ajiye. In aka sa wa kusurwar nan lauje, baɗi ba abin shukawa. Ina roƙonku ku bar ta.

Na biyu, Babba. Na san yankan fari bai cika rabin rumfa ba. Ina jin kukan shanu daga nan, kuma an ce mini jar saniya ta fara ture ɗan maraƙinta don ba ruwan nono. Kai kake shiga garke da safe su zuba maka ido, ba ni ba. Da ka ce a yanke kusurwar a ba su, ban ga laifinka ba, raina ne kawai ya ɓaci. Na juya maganar nan ta kowane gefe, ban samo abin da zan ce ka ba su a madadinta ba. Da ina da ƙafa, da na bi gefen hanya ina yankar duk wani kore da na gani. Ba ni da ita.

Abin da na sani shi ne, inda aka riga aka yanka zai sake tohowa in ka yi haƙuri. Ka riƙa barin tsawon yatsu huɗu a ƙasa. Kai tun kana yaro ba ka iya cin abu ka rage ba, haka kake aske ciyawa har ƙasa, sannan ka ce ta mutu.

Na uku, rigimarku da ƙaninka. Bara Direba yana loda garewanin madara ya bar ƙofar shinge a buɗe, shanu suka faɗa wa tef tana ƙarama. Saiwarta ba ta da zurfi, suka tumɓuke ta gaba ɗaya. An yi asara, ban musa ba. Amma Babba, a gaban 'ya'yansa ka ce masa ba abin da ya iya sai danna odar mota. Tun ranar, ta hannun yara kuke aika wa juna saƙo kuna gida ɗaya. Kai kuma Direba, yanzu cewa kake a sayar da shanu da gona kowa ya kama gabansa, kuma na san ba gonar ce ta ishe ka ba. Tef ba ta yiwuwa da mutum ɗaya: wani na jan ganga wani na watsa iri, wani na yanka wani na shanya kafin hadari ya taso. Babba, kai ne za ka fara yi masa magana. Direba, in ya yi, ka amsa, kada ka yi ta kallon makullin mota.

Na huɗu, maƙwabcinmu mai tumaki. Gangarsa muke ara duk shekara mu danne ƙasa, bai taɓa cewa a ba shi komai ba. Na yi masa alkawarin kwano ɗaya na iri bana. In an samu, nasa za a fara aunawa. In ba a samu ba, ku biyun ku je da ƙafarku ku gaya masa, ku ce ya yafe mini.

Na biyar, Auta. Tufafina, da rariyar tace iri, da tabarmar sussuka, ina roƙon yayyenki su bar miki su cikin rabonki. Haka ma kwalbar babanku, wadda na adana duk shekarun nan. Ba komai a cikinta, na so in ba ki ita a cike. Ki tuna kada a sheƙe irin nan ranar da ake iska, gonar wani za ki shuka.

Na sa an juyo mini da gado bakin taga, amma rumfa ta tare kusurwar, ba na ganinta. Da safe ina jin ƙarar lauje, in kasa kunne, in kasa gane daga wane gefe take fitowa. Na roƙa a tsinko mini kai ɗaya in taɓa. Babba ya ce da sauran raɓa, Direba ya ce ya manta, Auta kuwa ƙasa take kallo, kamar yadda take yi yanzu. Rubuta wannan ma, Auta. Tsoro nake ji, kuma ban iya komai a kai ba.

Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci zuriyarku, ya saukar muku da ruwa a kan lokaci. Duk abin da kuka yi mini na yafe, har wanda ba ku faɗa mini ba. Ku ma ku yafe mini. Ko an raba gado, kada ku raba garke, kada ku kafa shinge a tsakiyar gonar babanku.

In kusurwar tana nan, a kawo mini kai ɗaya in murza a tafin hannuna kafin in tafi. In ba ta nan, kada kowa ya ce komai. Ku dai shigo ku ukun tare, ku zauna bakin gadon nan, zan gane.