Farfesa Ya Daina Amsa Tambaya

Goggo, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa, sai yanzu da na ɗora tukunya na ce ko za ta ƙone sai na gama. Kwana tara suka rage mini, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa, don maganar ba tawa ba ce, ta mijina ce. Na canja wasu abubuwa saboda masu karanta filinki da suka san mu. Shi kam ba na fargabar ya gani, za ki ji dalili.

Mijina mai aski ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kujera biyu, benci ɗaya, dogon madubi mai tsaga a gefe, sai talabijin da ya kafa can sama kusa da fanka. Shekara ashirin da biyu ke nan, duk ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma shagon nan babu masaka tsinke, saboda shirin gasar tambayoyin nan, Amsa Kafin Ƙararrawa. Tsohon mai gabatarwa, wanda kowa ke kira Baba Ƙararrawa, zai karanto tambaya a natse, ya maimaita, ya jero amsoshi huɗu, sannan ya ɗaga 'yar ƙararrawarsa ta hannu. To kafin 'yan gasa su buɗe baki, mijina ya riga ya faɗi amsa. Kuma ko juyowa ba ya yi. Ya ba talabijin baya, almakashi na ta aiki, kan mutum na gabansa. Kogin da ya fi tsawo, yawan ƙasusuwan jikin mutum, shekarar da aka yi kaza, duk suna kansa, don tun yana yaro rediyo ba ta barin kunnensa. Akwai masu barin gashinsu ya yi buzu-buzu don kawai askinsu ya faɗo a Asabar. Daga nan aka laƙaba masa Farfesa, har ni wani lokaci haka nake kiransa idan ina son ya saki fuska.

Wata huɗu da suka wuce gidan talabijin ya juya shirin. Baba Ƙararrawa ya yi ritaya, aka kawo wani matashi mai magana kamar ana korarsa, mutane suka sa masa Ɗan Gaggawa. Aka cire ƙararrawar, aka zuba fitilu masu walƙiya. Duk wannan da sauƙi. Babban abin shi ne an daina karanto tambaya. Yanzu a rubuce take fitowa a fuskar talabijin, da amsoshinta, daƙiƙa goma, ɗan gasa ya danna maɓalli, shi ke nan.

Goggo, ai kin ga yadda masu kallo suka yi ca. A waya ba a maganar komai sai wannan. Wasu na cewa an kashe musu shiri, wasu rigar yaron ce ta dame su, wasu dariyarsa. Telan da ke kusa da shagonmu ya rantse ba zai ƙara kallo ba, amma duk Asabar yana gaban talabijin, wai yana kallo ne don ya san abin da zai zaga. Matasa kuwa cewa suke tsofaffi su yi haƙuri, zamani ya wuce su. Har takardar koke ake yawo da ita ana sa hannu. Kuma duk cikin masu fushin nan babu wanda ya kai mijina zafi. Shi ne shugaba.

Asabar ta farko bayan canjin ina bakin ƙofa, na kawo masa abinci. Shago ya cika. Tambaya ta fito, kowa ya zuba wa bayan Farfesa ido. Shi kuma yana jiran murya, murya ba ta zo ba. Wani direba ya ce ya juyo ya karanta mana. Sai ya ce injin askinsa ne ya cije, ya duƙa yana ta hura shi. Tambaya ta biyu ta fito, aka sake kiransa. A ta uku ya yanki kunnen mutumin da yake yi wa aski, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara sana'a. Ya miƙa hannu ya kashe talabijin, ya ce ba za a ƙara kallon wannan shirme a shagonsa ba. Aka tafa masa, wai ya nuna kishi.

Goggo, mijina bai iya karatu ba. Ko sunansa da ƙyar yake zanawa. Na gano haka ne sati biyu da aurenmu, da na ga ya riƙe takardar magani a juye yana gyaɗa kai. Ban yi dariya ba, na karɓa na karanta da ƙarfi kamar kaina nake karanta wa. Tun daga ranar na zama idonsa, shekara talatin da ɗaya ke nan. Idan yara suka kawo sakamakon makaranta, sai in kai masa ɗaki in karanta masa ƙasa-ƙasa, ya fito yana faɗa a kan lissafi kamar shi ya duba. Ya sayi tabarau, kuma wallahi tabaran nan ba su da aikin da ya wuce a manta da su a durowa. Ko an miƙo masa takarda a taro, zai shafa aljihu ya ce ya bar tabarau a gida, ni kuma in yi wuf in karɓa. Yaranmu huɗu, babu wanda ya sani.

To ga inda abin ya kwaɓe. Babbar 'yarmu malamar firamare ce, kuma tun tana 'yar mitsitsiya burinta ta ga babanta a cikin shirin nan. Da gidan talabijin ya ga fushi ya yi yawa, sai ya ce zai gayyato tsofaffin masu kallo su zo su fafata, don a lallashi mutane. Yarinyar nan ta cike takardu a ɓoye, ta tura hoton bidiyon babanta na da yana amsa tambayoyi, ta yi ta bibiya har aka zaɓe shi cikin dubban mutane. Ta zo da takardar gayyata a ambulan, ta tara ƙannenta da mijinta a falo, ta durƙusa ta miƙa masa, tana murmushi har kunne, ta ce shi take so ya karanta da bakinsa. Ya shafa aljihu. Na yi wuf kamar kullum. Ina karantawa na gane abin da ke ciki, amma ya zan yi, na riga na fara.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya fizge takardar ya jefar, ya ce wa ya aike ta, ya ce don ta yi boko shi ne za ta kai shi gaban duniya a yi masa dariya, ya ce ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Yarinyar da bai taɓa ɗaga wa murya ba! Ta tsince takardar, ta ninke, ta fita, takalminta ma a hannu ta riƙe. Sati biyu ke nan ba ta zo ba. Ta turo mini saƙo tana tambayar me ta yi masa, ko yana ganin iyayi take yi masa da karatunta. Na karanta saƙon ya fi sau ashirin, ban ba ta amsa ba.

Shi kuma ya kasa zaune ya kasa tsaye. Abinci sai ya tsakura ya ture. Ranar Asabar da biyar saura ya rufe shago ya yi ta yawo a titi, masu zuwa aski wurinsa sun fara komawa wani wuri. Ya wuni yana tura saƙon murya yana zagin Ɗan Gaggawa, yaron da bai san yana yi ba. Na gwada yi masa maganar sau ɗaya, ya ce ranar da na buɗe baki na binne shi da ransa.

Zan faɗa miki gaskiya, ni ma haushi nake ji. Na gaji da yin wuf. Kuma Allah Ya yafe mini, sabon shirin ba ya ba ni haushi, ina kallonsa a wayata a kicin, yaron ma yana da fara'a. Kwana tara suka rage a tabbatar da zuwansa ko a ba wani. In faɗa wa 'yata gaskiya a bayan idonsa? In ce mata ba shi da lafiya? Ko in yi shiru ta ci gaba da zaton babanta ya tsane ta? Tukunyar ma ta ƙone.

Matar Farfesa

*

'Yar uwata,

Sauke tukunyar tukuna, ki zauna. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi dariya a kan tabarau, na kuma share hawaye a kan takalmin da aka riƙe a hannu.

Bari in fara da cire miki abu biyu. Kada ki ce wa 'yarki ba shi da lafiya. Malama ce, gobe za ta iso da likita, ƙarya ɗaya ta haifi biyar. Kuma kada ki faɗa mata a bayan idonsa. Sirrin nasa ne, ya ba ki ajiya, in kika fasa shi ba da saninsa ba zai rasa mutum ɗaya tak da yake sakin jiki a gabanta, a daidai lokacin da ya fi buƙatarta.

Mijinki yana da hujjarsa. Shekara ashirin da biyu yana da wuri ɗaya da babu wanda ya fi shi, aka wayi gari an ɗauke wurin ba tare da an san da shi ba. Tsoro ne ya fito masa a siffar faɗa. Ina ma zargin ba shi kaɗai ba ne cikin masu sa hannu a takardar koken nan. Akwai wanda idonsa ya yi rauni, akwai wadda take jin shirin daga kicin, akwai irin mijinki, duk sun fake da rigar yaro da dariyarsa. Amma tsoronsa bai ba shi izinin wulaƙanta 'yarsa a gaban mijinta da ƙannenta ba. Ya yi kuskure, kuma shi zai gyara, ba ke ba.

Ke ma ina da magana da ke. Rufin asirin da kika yi masa alheri ne, Allah Ya saka miki. Sai dai saurin karɓar takardar nan ya hana shi kunya, ya kuma hana shi koyo. Ba laifi nake ɗora miki ba, ina dai ce miki gajiyar da kike ji tana da dalili, kuma kina da damar ki faɗa masa ita.

Ga abin yi. Gobe, ba jibi ba, ki same shi shi kaɗai bayan ya ci abinci. Kada ki fara da maganar karatu, kada ki ambaci talabijin. Ki karanta masa saƙon 'yarsa kalma da kalma, yadda kika saba karanta masa komai, sannan ki yi shiru ki bar shi da saƙon. Bayan nan ki gaya masa ba za ki tona shi ba, amma ba za ki yi mata ƙarya ba, kuma ba za ki zama 'yar aike tsakaninsu ba. Ya je gidanta da ƙafarsa cikin satin nan. In ya iya faɗa mata gaskiya, ita kaɗai, ya sauke kayan shekara talatin da ɗaya. In bai iya ba tukuna, to ya ba ta haƙuri, ya gode mata, ya ce mata dalilin yana wurinsa ba wurinta ba. Ko wannan kaɗai zai sa ta yi barci.

Batun gasa kuwa shi ne ƙarami. In ya faɗa mata, ita da kanta za ta iya tambayar gidan talabijin ko za a karanta wa tsofaffin da aka gayyato tambayoyi da baki, ba sai ta faɗi dalili ba, kuma wannan buƙata ta fi zagin mai gabatarwa amfani. In sun ƙi, a bar wa wani kujerar, ba a mutu ba. Kwana taran nan na gidan talabijin ne. Abin da nake jin tsoro shi ne sati biyu ya zama wata biyu, ya zama shekara, a saba da rashin gaisawa.

Zai ce miki 'yarsa za ta raina shi. Ki ce masa Goggo ta ce mutumin da ya tsaya da almakashi daga safe har yamma ya ɗauki yara huɗu ya kai su makarantar da shi bai samu ba, ba shi da abin sunkuyar da kai a gaban ɗaya daga cikinsu. Yarinyar nan za ta iya ɗaukar labarin cewa babanta bai iya karatu ba, za ta yi kuka, ta rungume shi, ta wuce wurin. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne wanda take ɗauke da shi yanzu, wato ta kawo wa babanta abu mafi tsada da take da shi ya jefar a ƙasa, kuma ba ta san dalili ba.

Allah Ya sassauta zuciyarsa, Ya ba ki bakin magana, Ya maido miki da 'yarki gida.

Goggo