Maganin Da Matata Ta Ƙi, Ina Zuba Mata Shi A Koko

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da mai kula da wannan shafi da dukkan masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, domin na riga kowa yanke wa kaina.

Ni magatakarda ne a wata kotu, mazaunin Fagge. Tsawon aikina ban taɓa sauya harafi ɗaya a bayanin wani ba, kuma na sha tsawata wa na ƙasa da ni a kan haka. Bara aka tabbatar matata tana da sankarar mama. Aka fara ɗaura mata ruwan magani a asibiti, gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, ko ruwa ta haɗiya sai ya dawo. Ranar da likita ta ce akwai wata ƙwaya da ta dace da irin ciwonta, wadda ake sha kullum, matata ta ce, "Likita, na gode, amma jikin nan nawa ne, kuma ya gaji. Ba zan ƙara shan komai naku ba." Likita ta yi bayani, ta yi lallashi, daga bisani ta ce ba a tilasta wa majiyyaci. Muna cikin adaidaita sahu matata ta kama hannuna ta ce, "Baban Amina, ka yi mini alkawari an gama." Na yi mata alkawarin.

Daga baya na koma asibitin ni kaɗai, na ce wa likita matata ta amince, rashin ƙarfi ne ya hana ta zuwa. Aka rubuta maganin. Tun daga nan kowace safiya ni ke dama mata koko, in murƙushe ƙwayar da bayan cokali in zuba, in ƙara sukari. Tana sha tana sa mini albarka, tana gaya wa 'yan'uwanta cewa ciwo ya nuna mata irin mijin da take aure. Da wane ido zan dube ta? Amma kuma in naɗe hannu uwar 'ya'yana ta tafi, alhali ga magani?

Ana cikin haka yayarta ta kawo mata wani garin magani daga wurin wani mai talla da lasifika a shataletalen Bata, mutumin da ke iƙirarin warkar da komai, daga basir har sankara, ba kunya ba tsoron Allah. Ƙullutun da ke mamanta ya ragu, ƙarfinta ya dawo, ta koma shagonta a kasuwar Sabon Gari, kuma duk yabon ya tafi ga wannan maƙaryaci.

Maƙwabciyar shagonta, wadda muke kira Iya, Bayarabiya ce haifaffiyar Fagge, ita ta riƙa dafo mana abinci lokacin jinya. Yanzu ita ma an gano mata ciwon, da wuri, likitoci sun ce tiyata za ta iya raba ta da shi, har an sa rana. Ranar Juma'a ta zo gidanmu, a gabana matata ta ce, "Iya, dube ni da kyau. Na bar asibiti, ga ni garau. Kada ki bari su yanka ki." Iya ta juyo gare ni ta ce, "Malam, kai ne mai ilimin boko, kuma kowa ya san ba ka ƙarya. Da gaske garin nan kaɗai take sha?" Na ce, "Sauƙi na Allah ne." Da na raka ta ƙofa na ce mata jiki da jiki ba ɗaya ba ne, ta je a yi mata aikin. Ta yi dariya ta ce, "Haba Malam, ai gani ya kori ji. Na fasa zuwa."

In na faɗa wa matata gaskiya, na san halinta, ba za ta ƙara karɓar ko ruwa daga hannuna ba, ciwon kuma ya dawo. In na faɗa wa Iya a asirce, ba sa ɓoye wa juna komai. In na yi shiru, baiwar Allah da ke da marayu a gabanta za ta ƙi aikin da zai cece ta, bisa shaidar da ni na ƙirƙira. Ranar Talata mai zuwa aka sa wa Iya tiyatar.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?