Sulhun Injin Zogale

Litinin, 7 ga Yuli 2025
Wata takwas ke nan da dawowata daga Yamai da difilom ɗin hulɗar ƙasa da ƙasa. Dosiyena, takardun neman aikina, har yanzu yana ministar, wato ma'aikatar harkokin waje. Inna ta gaya wa duk unguwarmu ta Zariya cewa ɗanta jakada ne, ana zaɓar masa ƙasa ne. Yau ɗan kabu-kabu ya ce mini, “Ranka ya daɗe, ambasada, ina muka nufa?” Wurin sayen gawayi muka nufa.

Alhamis, 10 ga Yuli
Gwaggo Indo ta zo daga Jiratawa, ita ce shugabar matan can. Wani poroje na masu ba da tallafi ya ba ƙungiyar matansu da ta matan Tibiri injin busar da zogale, a yi tarayya. Wata biyu yana kulle a wani shago a Sabon Gari, don shugabannin biyu ba sa ga-maciji. In ba a shirya ba kafin ashirin ga wata, za a kai shi wani gari. Ga damina, ganye na ruɓewa.
“Ba sasanta ƙasashe ka karanto ba, Hafizu? To ga biyu nan.”
Na ce wannan ba fannina ba ne. Inna ta harare ni.

Asabar, 12 ga Yuli
Na sa kwat. Kuskure na farko.
Mata talatin a tabarma, kowane ɓangare ya juya wa ɗaya baya. Na yi jawabin minti ashirin a kan yarjejeniya da moriyar juna. Da na gama, Hajiya Uwani, shugabar Tibiri, ta dubi Gwaggo ta ce, “Wannan yaron zufa yake yi, a ba shi ruwa.” Abin da kaɗai suka yarda da shi ke nan yau.

Talata, 15 ga Yuli
Na tafi Tibiri ni kaɗai, ba kwat. Na kasa kunne, Hajiya ta yi ta magana. Ashe ba injin ba ne. Bara a wani suna, Gwaggo ta ɗanɗana kwaɗon zogalenta ta ce a gaban jama'a, “Ƙuli ya yi kaɗan.” Shi ke nan! Shekara biyar ina karatun yaƙe-yaƙe, ba wanda ya koya mini wannan.

Laraba, 16 ga Yuli
Gwaggo ta ce ba za ta ba da haƙuri ba, ƙulin ya yi kaɗan ɗin.

Juma'a, 18 ga Yuli
Na haɗa su da dabara: kowace ta kawo kwaɗonta, ni ne alƙali. Kwano biyu manya. Na ci na Tibiri na yaba, na ci na Jiratawa na yaba. Suka ce sai na zaɓa. Na ƙara ci. Na sake ƙarawa. A zagaye na huɗu idona ya fara ruwa, Hajiya ta ce, “Indo, za mu kashe miki ɗa.” Gwaggo ta fashe da dariya, ta kai hannu kwanon Hajiya ta ce, “Na bana dai ya ji ƙuli.”
Nan take na rubuta takarda: Tibiri kwana uku, Jiratawa kwana uku, Juma'a injin ya huta. Suka dangwala.

Asabar, 19 ga Yuli
Ban fita ba. Ciki ya ɓaci.

Litinin, 4 ga Agusta
Injin na aiki. Mutumin poroje ya karanta takardar ya tambayi wanda ya rubuta. Akwai wasu ƙauyuka biyu da ke rigima a kan hanyar shanu, wai ko zan leƙa ranar Alhamis. Na ce zan duba, ai ni Yamai nake jira.
Da na fito na biya kasuwa na sayi takalmin roba, irin na shiga taɓo. Don ruwan sama ne kawai.