Naman Da Ya Ƙi Dahuwa

Dogon Dutsi, ranar Asabar

Zuwa ga Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ina gajiya, ina zaman Yamai, yaya kasuwa? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, tana gaishe ka. Ka san gidan nan, ko tari na yi a waya sai maƙwabta sun ce mini sannu, shi ya sa na ɗauko kayena na rubutu da bik na rubuta, in ɗauki hoton takardar in turo maka.

Jiya Juma'a da rana tsaka, mata suna kasuwa maza suna masallaci, wasu jarumai suka tsallaka dangar Gwaggo Sahura, aminiyar Inna ta bayan gidanmu, suka cinna wuta a ɗan ɗakin da take ajiye kayan borinta. Riguna, huluna, ƙoƙuna, har gogen marigayi mijinta, duk sun zama toka. Ta dawo daga kasuwa ta tarar da wuta tana ci, ta afka ciki da hannu biyu. Yanzu hannuwan suna naɗe da bandeji, ko ludayi ba ta iya riƙewa. Baƙar akuyar nan tata ma, wadda take cewa ta aljanarta Doguwa ce, ba a yankawa ba a sayarwa, an kwance ta an tafi da ita.

Ka ga jarumta ko? Sun bar sallar Juma'a don su yi yaƙi da tsohuwar da haƙoranta ba su kai biyar ba. Suka kuma bar mata saƙo da gawayi a jikin bango: “Matsafiya, ki bar mana gari.” Wawaye, ba su ma tuna ba ta karatu ba. Ni aka kira. Na ce mata zanen yara ne. Ta ce, “Ɗiyata, yara ba su kai tsawon nan ba. Karanta.” Na karanta mata. Wallahi da na san ranar da boko zai yi mini ke nan, da ban taka ƙofar lakwal ba.

Jandarmomi sun zo sun bi gida gida suna tambaya. Gida goma sha huɗu a layinmu, ba wanda ya ga komai. Mutanen da suka san launin zanen da na shanya shekaranjiya, su ne jiya Allah ya makantar da su gaba ɗaya. Limamin unguwa ne kaɗai ya zo ya tsaya a kan tokar, ya ce wannan ba addini ba ne, ta'adi ne. Sauran suna leƙe ta ramin danga kamar kaji.

Ɗan yayarta Mani ya bugo daga Dogon Kiriya, ya ce Juma'a mai zuwa zai zo da mota ya ɗauke ta, ta bar garin ke nan. Tun da Inna ta ji haka ba ta sa komai a baki ba. Jiya take ba ni labari, wai rana ɗaya aka yi musu tsagar fuska a ƙauyensu wajen Tibiri, Gwaggo ta riƙe mata hannu, ita kuma ta cije ta. Shekara sittin da wani abu ke nan. Inna ta je Makka ta dawo, tsarabar farko Gwaggo ta kai wa, kwalbar turare, alhali ta san sarai iskoki za a fesa wa.

Ni dai na ɗaura ɗamarar bincike. Kai kake yi mini dariya cewa littattafai sun cinye mini kai, to yanzu za su yi rana. A cikinsu mugu baƙo ne, mai jan ido, mai mota baƙin gilashi, kuma kullum yakan yar da wani abu a wurin. Na tone tokar nan da kara har la'asar. Ban samu komai ba sai murfin kwalbar turaren.

Ka gaida abokan zamanka. Ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Taka har kullum,
Rumaisa'u

Dogon Dutsi, ranar Litinin

Zuwa ga Maigidana,

Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan ka tashi lafiya, kuma murar da ka ce tana damunka ta sake ka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Jiya da hantsi Hindatu, matar ƙanenka Kamal, ta shigo da kwano a rufe. Wai Kamal ya yi yanka, ga cinya da hanta na Inna. Ka san tarbiyyar gidanku, ɗa ba ya zubar da jinin dabba bai aika wa uwarsa rabonta ba. Na ji daɗi, na ce in yi farfesu ko Inna za ta ci, in kuma ɗiba wa Gwaggo romo ta sha don jiki.

Na ɗora tukunya tun hantsi. Azahar ta yi, nama yana nan kamar yanzu aka zuba. Na jefa kanwa. Na ƙara ruwa sau uku, na cinye itacen kwana biyu. Da la'asar na gaji na sauke na kai wa Inna. Ta ɗauki yanka ɗaya ta yi ta fama da shi, can ta fito da shi daga baki ta riƙe a tafin hannu tana kallo. Ta ce, “Wannan akuya ta girme karatunki.” Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce a duk Arewa ba mahaucin da zai rataye irin wannan nama, ba kuma mai kiwon da zai bar akuya ta kai wannan tsufa tana cin dusa a banza. Akuya ba ta tsufa haka sai a gidan da aka hana wuƙa taɓa ta.

Maigida, romon Gwaggo yana gefena a rufe, saura ƙiris in kai wa baiwar Allah akuyarta ta sha. Ni kuwa na riga na ɗanɗana gishiri sau biyar.

Na miƙe zan yi ihu, Inna ta ce in zauna, ba haka ake yi ba. Ta ce in bugo wa Hindatu in ce kwaɗayin kai da ƙafa ya taso wa tsohuwa. Hindatu ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta kawo kan da kanta, an babbake shi tas, tana ta ba da haƙuri wai da ta sani da ta dafo. Inna ta jira ta fita, sannan ta juya kan. Ƙahon hagu guntu ne. Ta ce ita ta karya shi da taɓarya shekara tara da suka wuce, ran da akuyar ta shigo ta zubar mata da hatsin da ta surfa. Sai da suka yi mako guda ba sa gaisawa da Gwaggo a kan ƙahon nan.

To ga mugun da nake nema. Ba jan ido, ba baƙin gilashi. Kamal ne mai butik, wanda gemunsa bai gama haɗuwa ba, wanda har yau in ya ga ƙadangare a ɗaki sai ya kira matarsa. Shekara biyu ke nan in ya haɗu da Gwaggo a hanya sai ya kau da kai yana tsaki, muna cewa ƙuruciya ce. Kai ka fi ni sanin cewa lokacin da aka haife shi Inna ta yi ciwon nono, Gwaggo ce ta shayar da shi wata bakwai tare da ɗiyarta. Naman jikinsa da nononta aka gina shi. Ya ƙona mata ɗaki, ya sace mata akuya, sannan don tsabar ladabi ya aiko wa uwarsa cinya.

Inna ta sa na barbaɗa wa kan gishiri na ɗora a kan rumfa. Ba ta yi kuka ba, gara ma da ta yi. Ina jiran in ji daga gare ka, kai ne babba.

Matarka,
Rumaisa'u

Dogon Dutsi, ranar Lahadi

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Mu ma da sauƙi.

Saƙon muryarka ya iso, minti goma sha ɗaya. Na saurara sau uku ko zan ji inda ka tambayi jikin Gwaggo, ban ji ba. Na ji “a rufa asiri” sau shida, na ji “sunan gidanmu”, na ji in binne kan akuya in koma ga littattafaina. Na daɗe ina karanta labarin mazan da suke hawa mota cikin gaggawa su zo su tsaya wa mai rauni, har nakan sa musu fuskarka. Laifina ne, ba kai ka ce in sa ba.

Ga abin da ya faru, don kada ka ji a bakin 'yan tasha.

Ran Talata Inna ta kira Kamal ta ajiye masa kan a gabansa. Da fari ya ce a kasuwa ya saya. Da ta nuna masa ƙahon sai ya gyara zama ya fara wa'azi, wai ceton tsohuwar suka yi daga wuta. Inna ta ce, “Je ka dubi hannuwanta.” Ta tambaye shi, naman fa, shi ma ceto ne? Ya ce ai barin nama ɓarna ne, kuma sun fuskantar da ita alƙibla sun yi bisimilla. Inna ta juyo ta dube ni ta ce, “Kin ji ɓarawo mai alƙibla.”

Daga nan muka zaga wurin Gwaggo. Ashe ta sani. Ta hango bayansa yana tsallake danga tun ran Juma'ar da tana dawowa daga kasuwa, ta yi shiru. Ta ce wa Inna, “Balki, bakin da ya sha nonona ba zan kai shi gaban hukuma ba. Bar ni in tafi.” Inna ta ce, “Ki tafi ina? Shekara arba'in ina binki ki yi salla, kullum sai gobe. Kin ɗauka zan bar jakin nan ya ɓata mini wahala?” Gwaggo ta ce in ta kai yaron ƙara, ita da ita har abada. Inna ta ce ta ji.

Ran Laraba da safe Inna ta yafa mayafinta na Makka, ta ɗora mini kwano da kan akuya a ka, ba murfi. Masu kabu-kabu suna ta tsayawa, ta ce a ƙasa za mu je. Muka bi bakin kwalta tun daga unguwa har ofishin jandarma, tana jan ƙafa, ina biye. Makafin layinmu duk sun warke ran nan, har da masu hawa kan turmi don su gani da kyau. Inna ta faɗi sunan ɗanta da bakinta. Ni ma na faɗi abin da na dafa, aka rubuta, na sa hannu da cikakken sunana. Da aka kawo Kamal, tun ba a ba shi wurin zama ba ya lissafa abokansa biyu har da sunayen iyayensu. Jarumi ke nan.

Gwaggo ta cika alkawari, ta daina yi wa Inna magana. Inna kuwa ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki buta da carbi ta koma rumfar Gwaggo. A nan take salla biyar, dab da tokar. Ta ce mai son ya sake cinna wuta ya zo ya haɗa da Hajiya. Suna zaune baya da baya, in ɗaya tana son abu sai ta ce, “Rumaisa'u, gaya wa waccan.” Ni ma can nake wuni, can nake kwana, don ba zan bar tsofaffi biyu masu gaba su kaɗai ba. In ka zo gari, can za ka same ni.

Shekaranjiya Juma'a Mani ya iso da mota. An ɗaure kaya, an fitar da buhun hatsi har bakin ƙofa. Inna tana kan tabarma tana jan carbi, ba ta ɗago ba, amma ina ganin yatsunta sun tsaya a ƙwaya ɗaya. Gwaggo ta fito ta dubi motar, ta daɗe tana dubanta. Sai ta ce wa Mani ya sauke kayan. Ya ce saboda me? Ta ce, “Yaron yana tsare, uwarsa ba ta da zuciya. In na tafi wa zai kai masa fura?”

Ni nake damawa, tunda hannunta bai warke ba, ni nake ɗauka, tana gaba ina baya. Ran Juma'ar Kamal ya ce ba ya cin abincin matsafa, kwano ya dawo yadda ya je. Jiya ma haka. Na ce mata mu daina wahalar da kanmu a kan butulu. Ta sa na buɗe kwanon ta leƙa, ta ce laifina ne, na cika ruwa, yaron nan tun yana goye ba ya son abu tsararo.

Yau na dama da kauri. Tana ƙofa tana jirana, bari in tashi.

Ka huta lafiya.

Rumaisa'u